Kafin Ka Manna Hoton Shahararru a Allo

Alƙaluman UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na manyan da ba su iya karatu da rubutu ba a duniya mata ne. Saboda haka duk matashin da ya ɗauki alli zai koyar a ajin manya, ya sa a ransa cewa iyaye mata ne za su cika masa benci. Yanzu kuma an shiga yayin ware darussa na musamman don tunawa da rawar da mata suka taka a zane, waƙa, saƙa, ginin tukwane da adabi, musamman idan ranar 8 ga Maris, Ranar Mata ta Duniya, ta gabato. Abu ne mai kyau, ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Sai dai na daɗe ina koyar da irin wannan darasi a karkace, kuma ba na so ƙannena masu shigowa aikin yanzu su taka inda na taka.

Abin da nake yi a da shi ne in kwana ina tattara sunayen fitattun mata, in buga hotunansu, in manna a allo, in karanto shekarar haihuwa da ta rasuwa da lambobin yabon da kowacce ta samu. A yi tafi, a watse. A wurina girmamawa ta cika. Ban lura ba cewa abin da ke shiga kunnen ɗalibaina shi ne fasaha abu ne na can nesa, na matan cikin hoto, su kuwa masu zama a benci nasu kallo.

Wata rana na kawo wani ƙyalle mai aikin allura don in yi misali da shi. Ina cikin bayani sai wata dattijuwa da ke zama a layin baya, wadda har lokacin take rikita harafin b da d, ta ɗaga hannu.

"Malam, bayansa kake nuna mana. Juya shi."

Na juya. Ta taso ta karɓa, ta kai shi kusa da taga, ta bi layin zaren da farcenta. "Wadda ta yi wannan bahaguwa ce. Dubi yadda ɗinkin ya kwanta. Nan kuma zare ya ƙare mata, ta haɗa da wani, amma ta iya ɓoye ƙulli."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ajin ya yi tsit, kowa ya miƙa wuya. Ni kuwa na dubi agogo na ce, "Mun gode Mama, a koma a zauna, lokaci na tafiya." Akwai sauran hotuna da ban gama ba. Kafin ƙarshen zangon iyalinta suka tashi, ban sake ganinta ba. Ban tambaye ta wa ya koya mata ba, ban tambaye ta me ta ɗinka a rayuwarta ba, ban ba ta allin ko na minti goma ba. Har yau abin yana ci mini rai, don ranar ce darasin da nake ta nema ya zo da ƙafarsa, na mayar da shi benci.

Ban tsaya nan ba. Da muka shirya baje kolin ƙarshen zango, aka jera kayan da matan suka yi da hannunsu, sai na rubuta kati ɗaya na ajiye a tsakiyar teburi: "Aikin ɗalibai." Babu sunan kowa. Ga shi kuwa a makon nan na gama ba su labarin yadda tarihi ya danne sunayen mata.

Ku dubi labarin da kanku. Judith Leyster mai zane ce a Holan, ta rayu daga 1609 zuwa 1660. Bayan rasuwarta aka riƙa jingina zanenta ga Frans Hals, namiji da ya fi ta suna, aka yi fiye da shekara 200 a haka. Sai a 1893 aka gane tambarinta a jikin wani zane, haruffan J da L haɗe da tauraro, sannan aka fara mayar mata da kayanta. Fanny Mendelssohn a Jamus ta tsara kiɗa fiye da 400, amma shida daga cikin waƙoƙinta da sunan ƙanenta Felix aka buga su. A 1842 Sarauniya Victoria ta Ingila ta zaɓi ɗaya ta rera a gabansa tana yabawa, dole ya faɗa mata cewa yayarsa ce ta yi. A gefe guda ga Ladi Kwali, wadda ba ta yi karatun boko ba, a gida ta koyi ginin tukwane wajen wata 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta lokacin, wato Suleja a yau, ita ce mace ta farko a wurin. Tana buga tambarin LK a jikin kayanta, shi ya sa ko tukunyarta ta kai Landan an san hannun wa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20. Gwaninta ce ta kai ta, babu shakka, amma gwanaye nawa ne suka gina tukwane irin nata suka wuce ba a rubuta ko harafi ɗaya na sunansu ba?

To ga inda aikinku ya fi na kowa dama. Abu na farko da babba ke ɗokin koya a ajin yaƙi da jahilci shi ne rubuta sunansa. Ku haɗa wannan ɗoki da darasin fasaha. Kowace ɗaliba ta kawo abin da ta yi, ko ɗinki, ko saƙa, ko tukunya, ko baitin da ta tsara, ta rubuta katinsa da hannunta: sunanta, shekarar da ta yi shi, da sunan wadda ta koya mata. Ko rubutun ya karkace ku bar shi haka, kada ku karɓa ku gyara a kwamfuta. Layin nan na uku kada ku yarda a tsallake shi. Da na fara neman sa daga baya, na ga mata suna tsayawa suna tuno kakanni da maƙwabta da suka rasu tuntuni, wata har ta nemi in koya mata harafin da babu a sunanta don kawai ta rubuta na kakarta daidai.

Kalmomin darasin karatu ma daga bakinsu za ku ɗauko. Haka masanin ilimi Paulo Freire ya yi a garin Angicos na Brazil a 1963, ya koyar da manya karatu da kalmomin aikinsu na yau da kullum, aka ga saurin da suka kama. Tun kafin shi da fiye da ƙarni guda, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Tana tsara karatu cikin waƙa, jajojinta, wato matan da ta horar su zama malamai, su haddace su kai wa matan ƙauyuka, su ma su koya wa wasu. Ta san cewa babbar mace ba ta zuwa aji da kai fanko, kuma wadda ta koya yau za ta iya koyarwa gobe. Ni na karanto wa ɗalibaina tarihinta sau da yawa ba tare da na kwaikwayi ko ɗaya daga dabarunta ba.

Hotunan shahararru kada ku watsar da su, amma su zo daga baya. Idan mace ta gama bayanin yadda take haɗa launi, sannan ka nuna mata gidajen da Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu ke zanawa, za ka ji tana magana a kai kamar abokiyar sana'a, ta yaba nan ta kushe can.

Sai batun waya. Na taɓa ɗaukar muryar wata ɗaliba tana rera waƙar da ta tsara, na tura wa abokai don murna, ban tambaye ta ba. Waƙar ta yi yawo har ta dawo kunnen danginta, babu sunanta a jiki, kuma akwai baitin da ba don kowa ta yi shi ba. Ta daina magana a aji har zangon ya ƙare. Kafin ka danna ɗauka, ka tambaya a gaban shaida. Ka faɗi inda za a kai hoton ko muryar, ka ji ko tana so a sa sunanta na gaskiya ko wani, domin wata tana so a san ta, wata kuwa tana da dalilinta na ɓoyewa. Idan wani baƙo ya nuna sha'awar sayen kaya a wurin baje koli, ka kai shi wajen mai kayan su yi cinikinsu, kai ka koma gefe.