Ranar da kuɗin ciyarwa ya tsaya

Shekara shida ke nan da rabuwarmu da baban yarana. Duk wata yana turo kuɗin abincinsu, har watan da ya wuce da ya aiko da rabi. Da na kira shi, sai ya ce ai babban ya balaga, nauyinsa ya sauka daga kansa.

Raina ya ɓaci, amma ban ce masa komai ba, na tafi wurin Kawu, wanda ya karantar da mu Risala muna yara. Ya ce, "'Yata, a mazhabar Malikiyya uba yana ciyar da ɗa namiji har ya balaga, muddin ba shi da wata naƙasa da za ta hana shi nema. Ita kuwa mace, sai ta yi aure ta tare."

To, ƙanwar tasa tana da sauran lokaci. Babban ne damuwata. Yaro ɗan shekara 15, yana aji ɗaya na babbar sakandare, wane nema zai yi? Da can mai shekarunsa yana gona ko yana bin ubansa kasuwa. Yanzu WAEC da JAMB ne a gabansa, kuma ko dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana ɗaukar duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro.

Ban son zuwa gaban alƙali. Kawu ya ce zai sami baban nasu ranar Juma'a bayan an sauko, su yi maganar kuɗin makaranta.