Ranar da aka daka mini tsawa a kan dutse

Shekarata ta biyu ke nan a Tromso, can ƙuryar arewacin Norwe, inda rana ke faɗuwa a ƙarshen Nuwamba ba ta sake leƙowa sai tsakiyar Janairu. Duhun nan ne ya kusa zautar da ni, shi ya sa da abokan aikina suka ce in biyo su hawan dutse da katakon zamiya ban yi musu ba. Sai da na shekara ina faɗuwa a fili yara na yi mini dariya kafin su yarda su tafi da ni tsaunukan Lyngen.

Tun a mota suke ta duba Varsom, manhajar gargaɗin zaftarewar dusar ƙanƙara, a waya. Matakan haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara 5 ne, ranar muna kan na 3. Na ce ai da sauƙi, tsaka-tsaki ne. Babu wanda ya yi dariya. Ashe a matakin 3 ɗin nan mutane suka fi halaka, don kuwa a 4 da 5 kowa na gida. Aka rataya mini na'urar da ake gano wanda ƙanƙara ta binne, aka ba ni shebur da doguwar sanda mai naɗewa, aka ce in mutum ya wuce minti 15 a binne, to sai dai addu'a.

Da muka iso wani gangare, jagorarmu, yarinyar da ba ta kai ƙanwata Hadiza ba, ta ce a tsallaka ɗaya bayan ɗaya, a bar tazara. Na ji. Wallahi na ji. Amma da na hango mutumin gabana shi kaɗai yana haki, sai ƙafata ta ɗauke ni na matsa kusa da shi. Mu a ina aka taɓa barin abokin tafiya shi ɗaya? Kafin in ce masa sannu, ƙasa ta yi wani “wuf” a ƙarƙashinmu, kamar an yar da buhun gero, tsaga ta tafi a guje daga bakin katakona. Yarinyar nan ta daka mini tsawa da sunana, gatsal, a gaban mutum shida. Ni da ake ce wa Yaya a gidan mutum ashirin.

Har yau abin na ci mini rai. Gaskiyarta ce, na sani, nauyin mutum biyu a wuri ɗaya shi ke karya abin da ɗaya zai wuce lafiya. A Tamokdalen, nan kusa da mu, zaftarewar ƙanƙara ta halaka mutum huɗu a Janairun 2019. Amma ai akwai yadda ake yi wa babba magana.

Da muka koma wuri mai lafiya ta haƙa rami ta nuna mini. Sama dusa ce da iska ta daddanne ta yi tauri, ƙarƙashinta kuwa wata ce garas-garas kamar sukari, ba ta dunƙuluwa a hannu. Ta yanka ginshiƙi, ta ɗora shebur tana bubbugawa, bai kai bugu goma ba saman ya zame sumul. Ta ce gangaren da ya kai digiri 30 zuwa sama, da irin wannan shimfiɗa, ba a wasa da shi.

Ni kuwa Baba nake gani. Shekara talatin yana haƙar rijiya a ƙauyukan Gumel. Yakan damƙi ƙasa ya murza, in ya tarar da rairayi ƙarƙashin laka sai ya ce kowa ya fito, ko mai rijiyar zai yi fushi. Shi ma tsawa yake yi, har ga waɗanda suka girme shi. Na so in gaya mata haka, Turancin bai zo ba.

Daren na kira Inna. Ta ce hunturu ya tsananta, ƙafarta duk faso, Hadiza kuma an sa ranarta bayan babbar salla. Ta tambayi me na yi yau. Na ce mun ɗan fita shan iska.