Ranar da man kanumfari ya toye min goshi

Kitson da ake ja min da ƙarfi ne ya cinye min gashin gaban goshi, har ta kai ko a ɗaki ba na son cire ɗankwali. Wata ƙawata ta ce ai kanumfari na tsirar da gashi. Ita jiƙa shi take yi a ruwa ta fesa, ni kuwa da gaggawa sai na sayo ƙaramar kwalba mai ruwan ƙasa, mililita 10, ta tataccen man kanumfari. A ganina tunda mai ne, ai shafawa ake yi.

Bayan isha'i na ɗiga a yatsa na murza a goshi daga wannan gefe zuwa wancan. Da fari ɗumi na ji, na ce aiki ya fara. Ba a yi minti uku ba wurin ya ɗau raɗaɗi kamar an goga min attaruhu, hawaye na zuba. Na ruga banɗaki ina ta sheƙa ruwa, amma kamar ƙara baza shi nake yi, har ya kusa gangarowa ido.

Yayata ce ta same ni a haka. Ta yi shekaru tana haɗa man shafawa da sabulu tana sayarwa. Ta ɗauki kwalbar ta shinshina, ta dube ni.

"Zallarsa kika shafa?"

"Eh, Yaya."

"Innalillahi! Miƙo man zaitun ɗin can."

Ta jiƙa auduga da man zaitun tana goge wurin a hankali, tana canza audugar, sannan ta sa na wanke da sabulu marar ƙamshi. Zafin ya lafa. Washegari fatar ta yi jawur, daga baya ta saɓule, ta bar min baƙin tabo wanda ya kwashe makonni kafin ya dishe. Ga ba gashi, ga tabo. Ta ce da ya tashi ya duri ruwa, asibiti za mu nufa.

Abin da ya ruɗe ni shi ne mu a Hausa duka "mai" muke ce musu. Man kwakwa, man riɗi, man zaitun, man kaɗanya, har man habbatussauda, matse su ake yi daga 'ya'yan itace ko ƙwaya, suna da maiƙo. Amma irin su man kanumfari, na'a-na'a, kirfa, lavender da man ti tiri da asalinsa daga Ostireliya yake, yawancinsu da tururi ake tato su, ƙamshin tsiron ne aka tattara wuri guda. Shi na kanumfari mafi yawansa wani sinadari ne, yujinol, wanda likitocin haƙori ke amfani da shi don kashe zafi. Irin waɗannan mayukan ba sa narkewa a ruwa, shi ya sa wankina bai yi amfani ba. Yaya ta nuna min bambancin a kan farar takarda: ta ɗiga man riɗi a gefe, man na'a-na'a a ɗaya gefen. Da muka dawo bayan awanni, na riɗi ya bar tabon maiƙo, na na'a-na'a ya bi iska.

Ita cewa take yi, "Ruwan zafi ne, sai da sirki." Man kwakwa da 'yan uwansa su ne ruwan sanyin.

Lissafin bai da wuya, in dai za a daina awo da ido. Mililita ɗaya kusan ɗigo 20 ce, kodayake bakin kwalba na bambanta. Cokalin shayi mililita 5 ne, don haka ɗigo ɗaya a cokali ɗaya ya ba da kashi 1 cikin 100. A mililita 30, wato cokali shida, ɗigo 6 kashi 1 ne, ɗigo 12 kuma kashi 2. Ga babban mutum mai lafiyar fata, kashi 2 ya isa jiki, fuska kuwa ba na wuce kashi 1. Kanumfari ya fi su faɗa, rabin kashi ɗaya ake tsayawa, ɗigo 3 kacal a mililita 30. Ku kwatanta da abin da na lafta wa goshina. Man ɓawon kirfa ya ma fi shi zafi, na haƙura da shi gaba ɗaya. Cokulan gidanmu ba girmansu ɗaya ba, don haka sirinji na saya a kemis nake awo da shi.

Da hunturu, lokacin kaushi da faso, man kaɗanya nake sirkawa da shi. Nakan ɗora kwanon a cikin ruwan zafi ya narke, in sauke, in bari ya huce har ya fara yin kauri kafin in ɗiga. Karon farko da zafinsa na zuba, kicin ya cika da ƙamshi, man da ke kwano kuwa ya tashi salam.

Duk sabon haɗi sai na shafa kaɗan a cikin hannu, kusa da gwiwa, in bar shi kwana ɗaya cur. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, shi ke nan. Masu lemun tsami da bagamot, wani nau'in lemu, da dare kawai nake taɓa su, domin in rana ta doki fatar da aka shafa musu tana iya ƙonewa ta yi baƙi, kuma kun san ranar Kano. Na'a-na'a ba ya kusantar fuskar ƙananan yara, yana iya taɓa numfashinsu. Kwalaben suna can saman sif inda hannunsu ba ya kaiwa, a rufe gam, don iska da haske na lalata man ya koma mai sa ƙaiƙayi. Da ƙanwata ta samu ciki ta nemi in haɗa mata, man kaɗanya zalla na ba ta, na ce sauran ta tambayi likitarta a wajen awo.

Gashin ya ɗan dawo. Sai dai a daidai lokacin ne na koma kitso marar ja, don haka ba zan rantse kanumfari ne ya yi aikin ba. Kwalbar nan dai shekara guda ke nan, ko rabi ba ta kai ba, kuma har yau in Yaya ta gan ta sai ta kalli goshina ta yi dariya.