Hira da wanda bai iso ba tukuna

Ranar farko da na fara yi wa cikina magana wallahi kunya ce ta kama ni, ni kaɗai a ɗaki ina shafa ciki ina cewa "ya kake yau" kamar wata zararriya. A wajen awo ne na ji cewa tun wajen sati 18 kunnen yaro ke fara kama sauti, zuwa sati 25 kuma har motsi yake idan ya ji ƙara, kuma muryar uwa ce ta fi isa gare shi tunda ta cikin jikinta take bi.

Abin da ya fi burge ni shi ne binciken wani masani mai suna Anthony DeCasper a Amurka a 1986, an sa mata masu ciki karanta labari ɗaya sau biyu kullum a sati shidan ƙarshe, da aka haifi jariran sai aka ga daga yanayin tsotsonsu sun fi son labarin da suka saba ji. Ba wai sun gane ma'ana ba fa, karin muryar ne suka riƙe.

Maigida kam da farko dariya ya dinga min, yanzu shi ke ɗauko littafin da daddare ya matso kusa yana karantawa, jiya har shuri ya samu a kumatu ya zabura yana cewa "kin ji, ya amsa min!"

Waya ce dai ba na mannawa a ciki da ƙara, muryarmu ta ishe shi.