Yinina na farko a Lumbridge, da jaka mai gurbi 28

Asabar, bayan isha'i.

Yau dai ɗan wana ya ci galaba a kaina. Tun da ya dawo hutu yake damuna da zancen wani wasa, wai shi Old School RuneScape, ni kuma ina ta waskewa, don a sanina wasan waya bai wuce ludo da jera alawa kala-kala ba. Da hantsi na ga babu inda za ni, sai na miƙa masa wayar na ce ya sauke mu gani.

Da hoton ya bayyana sai da na yi dariya. Mutanen ciki kamar da gizago aka sassaƙa su, fuska babu fasali, hannu kamar sanda. Na ce masa wannan ne abin da yake hana ka barci? Ya ce, "Baffa, ai da gangan aka bar shi haka." Ashe asalin wasan tun 2001 ya fito, wasu 'yan'uwa ne, Andrew da Paul Gower, suka ƙirƙira shi, kuma kamfaninsu Jagex yana Kambirij a Ingila. Da aka yi ta sabunta shi har ya canja kama, sai tsofaffin 'yan wasa suka ce su nasu na da suke so. Aka kaɗa ƙuri'a, mutum sama da 400,000 suka goyi baya, a Fabrairun 2013 aka tono kwafin wasan na Agustan 2007 aka dawo da shi. Na waya kuwa sai a Oktoban 2018 ya zo. To, ka ji dalilin gizagon.

Kafin a shiga akwai dogon jerin lambobi da suka fara daga 301, kowace da tutar ƙasa da tauraro a gefenta. Kowace lamba duniya guda ce, kuma tana ɗaukar mutum har 2,000. Mai farin tauraro kyauta ce, mai ruwan zinariya ta masu biyan kuɗin wata. "Ku zaɓi mai tutar Ingila ko Jamus, Baffa, umarninku zai fi saurin isa." Na tambaye shi ko netwok ɗinmu na nan zai iya, ya ce wasan ba ya gaggawa, duk abin da ke cikinsa yana tafiya ne a kan bugu guda duk bayan daƙiƙa 0.6, wato bugu 100 a minti, don haka ɗan jinkiri ba ya kashe mutum. Na gani da idona kuwa, sandar netwok biyu ta riƙe ni har yamma.

Suna ba ya wuce harafi 12. Sai zaɓen kama: launin fata, gemu, riga, wando. Na samu baƙar fata da gemu irin nawa, hula ce dai babu, haka na fita kai a buɗe.

Wurin da ake fara ajiye sabon shiga wani ɗan tsibiri ne na koyo, kuma a nan na fara ganin hikimar waɗanda suka tsara abin. Fuskar wayar kusan wayam take da farko. Babu komai sai kai, da wani mutum a ɗaki, da kibiya rawaya tana ƙyaftawa a kansa. Ka yi magana da shi, sai maɓalli ɗaya ya fito a gefe yana walƙiya, ba za ka wuce ba sai ka taɓa shi ka ga abin da ke ciki. Ka je wurin na gaba, wani maɓallin ya ƙaru. A haka har gefen allon ya cika: jaka, sana'o'i, kayan jiki, salon faɗa, jerin aike-aike, abokai, saiti. Da a tashi ɗaya aka zubo min su duka, wallahi da na mayar masa da wasansa tun kafin azahar.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne bambancin taɓawa da dannawa a riƙe. A kwamfuta, in ji shi, linzami yana da kunne biyu, hagu da dama. A waya kuwa yatsa ɗaya ne zai yi aikin biyun. In ka taɓa ƙasa, wata 'yar alama rawaya mai kama da gicciye ta fito, mutuminka ya taka zuwa wurin. In abin da ka taɓa abu ne da ake aiki da shi, bishiya ko ƙofa ko mutum, alamar ja take fitowa. Wannan ɗan launin shi ne yake gaya maka ko wasan ya fahimce ka ko kuwa yawo kawai ka tura bawan Allah. In kuma ka danna ka riƙe, sai jerin zaɓi ya buɗe, kuma na saman jerin shi ne abin da taɓawa ɗaya take aikatawa. Da na gane wannan sai komai ya fara zama daidai. Dafaffen abinci, na samansa "ci" ne, saboda haka duk wanda ya taɓa shi da niyyar ɗauka ya kai wani wuri, to ya riga ya haɗiye. Kusan kowane abu kuma yana da zaɓin dubawa a ƙasa, wanda zai rubuto maka jimla ɗaya game da shi, sau da yawa ta barkwanci. Na ɓata lokaci ina duba duwatsu da kujeru, yaron yana ta tsaki a ciki-ciki, don bai isa ya yi a fili ba.

Wata mata a bakin tafki ta ba ni 'yar koma na kamo jatan lande, sannan ta ba ni gatari da ƙyastu. Haɗa abu da abu shi ma darasi ne: ka taɓa ƙyastu, farin zane ya kewaye shi, sannan ka taɓa itacen, sai wuta ta tashi. Ka taɓa ɗanyen jatan lande, ka taɓa wutar. Wani ya gasu, wani ya ƙone ƙurmus, kuma wannan ba ya hannunka, sa'a ce da ke ƙaruwa yayin da hannunka ke faɗawa a girki. Daga nan aka wuce da ni wurin mai gashin burodi, sai ramin haƙar ma'adinai inda aka ba ni diga na fasa dutsen kuza da na jan ƙarfe, na narka su suka zama tagulla, na ɗora a uwar maƙera na ƙera wuƙa. Sai faɗa da wasu ƙattin ɓeraye, da takobi tukuna, sannan da baka. Faɗan bai burge ni ba. Taɓawa ɗaya kake yi ka koma kallo, lambobi suna tashi a jikinku, ja in an ji ciwo, shuɗi in sara ya tafi a banza.

Akwai ɓangaren da na wuce da sauri. Wasan yana da nasa allolin na tatsuniya, da wani ɗakin ibada, kuma wai binne ƙashin abin da ka kashe shi ke ƙara maka daraja a wannan fannin. Na ce wa yaron wannan shafin ba da ni ba. Ya ce babu wanda zai tilasta min bayan an bar tsibirin.

A ɗakin bankin tsibirin na ga wani akwatin zaɓe. Ashe al'adar ƙuri'ar nan ba ta mutu ba: yawancin sabon abin da za a ƙara sai an tambayi 'yan wasa masu biyan kuɗi, kuma sai ya samu kashi 70 cikin ɗari kafin ya shiga. Da 75 ne ma, aka rage.

Aka kira azahar muka tafi masallaci. Da na dawo na tarar wasan ya fitar da ni da kansa, don in ka yi kamar minti biyar ba ka taɓa komai ba, sallamarka yake yi. Wannan ya yi min. Amma in kana tsakiyar faɗa ba ka da ikon fita sai an yi daƙiƙa goma da sara na ƙarshe, don haka mai hankali ba ya tsokanar dodo in lokacin salla ya matso.

Bayan tsibiri sai aka jefa ni farfajiyar fadar Lumbridge, a nan na san cewa ashe ba ni kaɗai ba ne. Jama'a birjik, wasu da sulke mai ƙyalli, wasu tsirara-tsirara irina, rubutu yana ta tashi a saman kawunansu. Akwatin hira ya cinye min kusurwar allo guda, har sai da yaron ya nuna min inda ake naɗe shi. Kafin ya naɗe na hango wani yana ta maimaita cewa a ba shi kuɗi ya ninka. "Baffa, kar ku kula shi, ɗan damfara ne. Kuma duk wanda ya tambaye ku kalmar sirri, ko ya ce shi ma'aikaci ne, ƙarya yake." Na ce ashe har nan suka biyo mu.

'Yar taswirar da ke kusurwar dama ta sama ita ce idon mutum. Farin ɗigo ɗan wasa ne irinka, rawaya mutanen wasan ne da dabbobinsa, ja kaya ne yashe a ƙasa, kore kuma abokinka ne. Da yaron ya shigo ta tasa wayar muka ƙulla abota, sai ga koren ɗigo ɗaya tilo yana zagaya ni. Ana iya taɓa taswirar a yi tafiya mai nisa maimakon a yi ta taɓa ƙasa, kuma in ka juya kyamara har ka rasa gabas, akwai kamfas a gefe da zai mayar da kai ka fuskanci arewa. Kusa da ita akwai 'yan da'irori: mai zuciya tana nuna sauran lafiyarka, wadda kowa ke farawa da 10, mai takalmi kuma ƙarfin gudu. Gudun nan ƙarewa yake, kuma in kayanka sun yi nauyi ya fi saurin ƙarewa.

To, jaka. Ni a ganina duk wasan a cikinta yake. Gurbi 28 ne, huɗu a kwance bakwai a tsaye, ba ta ƙaruwa ko ka shekara goma kana yi. Kuɗi, kibau da gashin kaza suna taruwa a gurbi ɗaya komai yawansu, amma itace, kifi, dutse da ƙirgi kowane guda da nasa gurbin. Gatari ya ci ɗaya in ba a hannu ka riƙe shi ba, ƙyastu ya ci ɗaya, guzuri ya ci nasa. Saboda haka kafin ka fita daga gari sai ka zauna ka yi lissafi: me zan je yi, me zan ɗauka, me zan bari, ina banki mafi kusa? Banki shi ne yake tara komai a kan juna, kuma abin da ka ajiye a reshe ɗaya za ka same shi a kowane reshe. Na Lumbridge a can saman fada yake, sai ka hau bene biyu. Na lura tsofaffin hannu ba sa kallon tsakiyar allo sosai, idonsu yana kan jaka da taswira. Yaron ma haka yake yi, yana hira da ni yana sara itace bai ko dubi bishiyar ba.

Aiken farko da na karɓa na kukun fada ne. Zai yi wa mai garin, Duke Horacio, kek na murnar ranar haihuwa, ga shi babu madara, babu ƙwai, babu fulawa. A jerin aike-aike sunan ya tashi daga ja ya koma rawaya, alamar an fara. Ƙwai a gidan kaji, madara a wurin saniyar tatsa da bokiti. Fulawar ce mai daɗin yi: ka tsinko alkama a gona, ka hau can saman injin niƙa mai aiki da iska ka zuba, ka ja maɓallin sakin ta, ka sauko ƙasa ka tara garin a tukunya. In ba ka zo da tukunya ba, ka yi zuwan banza, kuma babu wanda zai tuna maka sai jakarka. Da na kai masa, sunan ya koma kore, aka ba ni maki 300 a girki, na tsallake matakai da yawa a lokaci guda, har da 'yar kiɗa da tartsatsin wuta a kaina. Uwargida ta leƙo ta ga abin da ake yi wa murna, ta ce mutumin da bai san inda ludayi yake a gidansa ba shi ne yake yi wa sarkin Turawa aikin kicin.

Na buɗe shafin sana'o'i don in ga inda na kwana. Kowace tana farawa daga mataki na 1 ta ƙare a 99, ban da ta lafiya da ke farawa daga 10. Zuwa mataki na 2 maki 83 ne kawai, itace huɗu ya isa tunda kowane yana ba da 25. Na ce ashe abin ba wuya. Yaron ya yi murmushi ya ce mataki na 99 yana buƙatar maki 13,034,431, kuma wanda ya kai 92 rabin hanya kawai ya ci. Na rufe shafin.

Da la'asar sakaliya muka tsallaka gadar kogin Lum zuwa makiyayar shanu. Duk saniyar da ka kayar tana barin nama, ƙashi da ƙirgi, kuma minti guda kai kaɗai kake ganin su kafin su bayyana ga kowa, shi ya sa akwai masu tsayawa gefe suna jiran abin da wani ya raina. Na cika jaka da ƙirgi na kai banki. Na tambayi abin da ke faruwa in mutum ya mutu, ya ce kaya uku mafi tsada suna binka, sauran suna jiranka a kabari na minti 15. Ban gwada ba, na bar dodannin bakin gada da masu ƙarfin hali.

Wajen magariba wayar ta yi zafi, caji ya koma ja, ga shi an ɗauke wuta tun rana. Gobe in Allah ya kai mu za mu je Al Kharid, garin hamadar da ke kudu maso gabas, inda majemi yake jeme ƙirgi a kan kuɗi ɗaya, ko uku in mai tauri kake so. Masu gadin ƙofar garin suna karɓar goma a kowace wucewa. Yaron ya ce zai biya min, na ce a'a, akwai sauran kuɗin da aka sallame ni da su daga tsibiri, kuma ba a fara bin Baffa bashi a kan fatar saniyar waya ba.