Yadda ake haɗa teburi da murfin katako na tankin kifin ruwan gishiri

Kafin a yanka katako ko ɗaya, a fara da lissafin nauyi. Tankin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 45, zurfi 50 yana cin lita 270. Kowace lita ta ruwan teku tana da nauyin kilo 1.025, wato ruwan kaɗai ya kai kilo 277 idan an cika shi fal. Gilashin kansa, idan mai kaurin milimita 10 ne, ya haura kilo 50. A ƙara duwatsu da yashi da ƙaramin tankin tacewa da ke zama a ƙasa, sai a ga an doshi kilo 400. Wannan kaya zai zauna a kan teburin dare da rana na shekaru, cikin danshi da gishiri. Teburin falo ko kabad ɗin tufafi ba a yi su don wannan aiki ba.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce nauyi ya sauka daga katako zuwa katako har ya isa ƙasa. Ƙusa da sukuru aikinsu riƙe sassa kada su goce, ba ɗaukar kaya ba. Duk teburin da aka manna ƙafafunsa a gefen firam aka ɗaure da sukuru, to sukurun nan ne ke ɗauke da tankin, kuma ranar da tsatsa ta ci su magana ta ƙare.

Ana haɗa firam biyu iri ɗaya, na sama da na ƙasa, da katakon tu-bai-fo, wanda bayan an goge shi yakan zo milimita 38 da 89. A ba teburin rarar santimita ɗaya, ya zama 121 da 46. Kowane firam yana buƙatar dogaye biyu masu santimita 121 da gajeru biyu masu 38.4, duk a tsaye a kan gefensu, ba a kwance ba, domin a haka katako ya fi jure lanƙwasa. A firam na sama a ƙara gajeru biyu a tsakiya. Idan tankin ya wuce santimita 120 kuma ba a son ƙafa a tsakiyar gaba, a yi firam na sama da tu-bai-sikis.

Ƙafafu takwas ne, biyu a kowace kusurwa, suna haɗuwa kamar harafin L, suna zaune daram tsakanin firam na sama da na ƙasa. Don teburi mai tsayin santimita 85, kowace ƙafa 65.4 ce. Nan ne ya kamata a ɓata lokaci: a jera su takwas ɗin, a matse su tare, a tabbata tsayinsu ɗaya. Ƙafar da ta gaza da milimita biyu ba ta ɗaukar komai, sauran ne ke wahala. Daga ciki kuma, a kowace kusurwa, a sa wani dogon katako da zai ɗinke firam biyun da ƙafafun. Shi a rage masa tsawo kaɗan, kada ya taɓa ƙasa ko saman teburin. Kowace mahaɗa a shafa mata gam mai jure ruwa, a fara huda rami kafin a ɗaura sukuru don kada bakin katakon ya tsage. Kafin gam ya bushe a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo ɗaya, firam ya miƙe.

Sama a shimfiɗa filawud mai milimita 18. Baya da gefe biyu a rufe da mai milimita 12, da gam da sukuru. Wasu na ɗaukar wannan rufi a matsayin ado, alhali shi ke hana teburin karkacewa idan an ture shi ta gefe. A fafe ramukan bututu da waya a bayan, amma kada a cire shi gaba ɗaya. Allon garin katako da aka matse, irin na kabad masu araha, kada ya kusanci wannan aiki: yana shan ruwa ya kumbura, ba ya komawa yadda yake.

Sai gishiri. Ruwan da ya fantsama yana bushewa ya bar farin ɓawo da ke rarrafe a kan gilashi, ya bi waya, ya shiga kowace kafa. Sukurun ƙarfe na yau da kullum ba sa daɗewa a wurin. A nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 316 ya fi 304 jure gishiri. Cikin teburin a yi masa fenti mai jure ruwa shafi uku, fari ya fi, domin yana nuna ɗigo tun yana ƙarami. Bakin katako inda aka yanka ya fi ko'ina shan ruwa, a ƙoshar da shi. Daɓen ciki a kewaye shi da ɗan bango mai santimita 5, a toshe mahaɗai da silikon, ya zama faranti da zai tare ruwa idan tankin ƙasa ya yi ambaliya. Kuma a auna wannan tanki tun kafin a rufe gefe. Sau da yawa sai an gama aiki a tarar ba ya shiga ta ƙofa, ko kuma babu sararin ɗaga kofin na'urar da ke kwashe dattin ruwa ta hanyar kumfa. Gefe ɗaya da ake iya cirewa yana warware wannan.

Wajen zaunar da tanki akwai bambanci. Wanda gilashinsa tsirara ne, ba baki, yana son shimfiɗar soson roba mai milimita 5 zuwa 10, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashinsa tana iya fasa shi. Mai bakin roba a ƙasa kuwa a kan bakin yake zama, ba a sa masa soso. A duba daidaito da ma'aunin magina mai kumfar iska, gaba da baya, hagu da dama. In akwai gyara, a cusa siririn katako ƙarƙashin teburin, ba ƙarƙashin tankin ba.

Murfi akasin teburi ne: a yi shi sakayau. Filawud mai milimita 9 ko 12 ya wadatar, da siraran sanduna a ciki da za su zauna a kan bakin tankin. Tsayin santimita 25 zuwa 30 yana ba fitilun LED tazara daga ruwa, yana kuma barin hannu ya shiga. Gaban ya riƙa buɗewa gaba ɗaya. Murfin da sai mutum biyu sun ɗaga shi, ƙarshenta mai shi yakan daina goge gilashi.

Babbar matsalar murfi zafi ne da tururi. Murjani, wato halittar teku mai kama da dutse, da yawancin kifayen da ke rayuwa tare da shi suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 26, akwatin da aka rufe ruf da fitila a ciki kuwa yana ɗaga zafin, danshi kuma ya kawo fumfuna. A bar bayan a buɗe, a sa raga don kifi masu tsalle, a ɗaura fankar kwamfuta biyu masu bolt 12 suna hura iska ciki, zafin ya fita ta ramukan sama. Fankar da ke zuƙo iska waje tana shaƙar danshi da feshin ruwan gishiri, ba ta daɗewa. Iska na ƙara ƙafewar ruwa, kuma gishiri ba ya tashi da tururi, don haka da ruwa marar gishiri ake cikawa.

Duk abin da ke saman ruwa, ɗigonsa cikin tanki zai koma. Saboda haka ba hinjin tagulla, ba jan ƙarfe, ba katakon da aka jiƙa da maganin gara, domin sau da yawa irin wannan magani da jan ƙarfe ake yinsa, shi kuwa ko kaɗan ne yana kashe murjani da jatan lande. Soket a kafa shi sama, nesa da tankin ƙasa, kowace waya ta sauko ƙasa da shi sannan ta hau, yadda ɗigo zai zube kafin ya kai ga wuta. A bi da layin ta birekar da ke yanke wuta idan ta zurara.

Bayan fenti ya bushe sarai, warinsa ya tafi, a cika tankin da ruwan famfo a bar shi kwana biyu. A sake duba daidaito, a buɗe ƙofofi a rufe. Ƙofar da ta fara cijewa bayan an zuba ruwa alama ce firam na sama ya lotsa, sai a kwashe ruwan a ƙara ƙafa a tsakiya kafin a kawo gishiri.