Tabar Kunci, Ƙwayoyin Baki da Ciwon Daji

A kasuwar Sheikh Gumi ko tashar Kawo, ba ka rasa dattijo ko direban da ke da ƙullin garin taba a aljihu. Ya ɗan ɗiba, ya cusa tsakanin leɓe da dasashi, ya bar shi nan har ya jiƙe. Wurin da garin ke kwanciya kullum, yawanci nan ne matsala ke tsirowa.

Bakin ɗan Adam na ɗauke da nau'in bakteriya kusan 700, akasarinsu ba su da illa. Amma wasu na juya sinadarin naitiret da ke cikin taba zuwa naitirait, shi kuma ya haɗu da nikotin da danginsa ya zama naitirosamin, musamman NNN da NNK. Waɗannan biyu su ne manyan masu haddasa sankarar baki ga mai tsotsar taba. Bakteriyar da ke kan ganyen taba na fara wannan aiki tun a wajen shanya ganyen da ajiye shi, shi ya sa garin da ya daɗe a leda cikin zafi da laima ya fi dafi. Kanwar da ake haɗawa kuma tana ƙara wa nikotin saurin ratsa fatar baki, tana kuma ƙona ta. Tumbak na Sudan, wanda shi ma da kanwa ake haɗa shi, yana cikin tabar da aka auna mata naitirosamin mafi yawa a duniya.

A Indiya, Pakistan da Bangaladash, abin da ake taunawa ƙwallon areka ne, wani ɗan itace da suke ci kamar goro, a cikin ganyen wani tsiro mai suna betel, da farar ƙasa, sau da yawa har da taba. Hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun farko na masu jawo sankara, ko da babu taba a ciki. Yana sa naman kunci ya ƙage, har mutum ya kasa shigar da yatsu uku tsakanin haƙoransa. Goronmu dai wata bishiya ce daban, kada a ɗauke su abu ɗaya.

Idan aka duba kumburin sankarar baki, akan tarar da Fusobacterium nucleatum da Porphyromonas gingivalis sun yi yawa, wato ƙwayoyin da ke sa dasashi kumburi da zubar jini. Suna hana ciwo lafawa, suna kuma taimaka wa ƙwayoyin jiki da suka lalace su ƙi mutuwa. Candida kuwa, mai sa harshe ya yi fari, tana mayar da barasa asetaldihaid, wani gubar daban. Masana na muhawara har yanzu kan ko waɗannan ƙwayoyin baki ne ke fara ɓarnar ko zuwa suke yi su tarar. A ganina wannan bai canza komai ga mai taba ba: ƙwayoyin 'yan rakiya ne, asuwaki da man goge baki ba sa wanke laifin taba.

Duk da haka a goge haƙora sau biyu a rana, minti biyu-biyu, har gindin dasashi. Dattin da ya riga ya daskare ya zama kamar dutse, sai likitan haƙori ya kankare.

Sau ɗaya a wata, a wanke hannu, a tsaya gaban madubi da tocila. A ja leɓe sama da ƙasa, a buɗe kunci da yatsa, a fito da harshe a duba gefensa biyu da ƙarƙashinsa, sannan a shafa wuya ko akwai kaluluwa mai tauri. Abin nema: farin tabo da ba ya gogewa, jan tabo (wannan ya fi haɗari), gyambo mai taurin gefe, ko haƙori da ke girgiɗi ba dalili.

Inda aka fi yin asara shi ne kemis. Sankara a farkonta ba ta cika zafi ba, sai a sayi amfisilin ko a kurkure da ruwan gishiri, wari ya ragu, a ɗauka an warke, wata shida su wuce. Duk gyambon da ya kai mako uku bai rufe ba, a kai shi sashen haƙori na Barau Dikko ko Asibitin Koyarwa na Shika, a yanki ɗan nama a gwada.